Asabar ɗin da Silba Ya Nemo wa Kanar Mashaya

A shekarar da masu awo suka fara cika garinmu da motocin Landiroba, suna shiga dajin da aka ce za a gina sabon babban birni, lokacin sunan Suleja ma bai gama zama a bakin mutane ba, akwai wani mai gyaran rediyo a unguwar Wambai da ake kira Sylvester. Mutanen unguwa suka gajarta sunan, suna ce masa Silba. Mutumin kudu ne, siriri, mai gashin baki kamar an ja shi da biro. Yana haya a shagon da ke jikin gidan Malam Ladan, a bayan shagon kuma yake kwana.

Gyaran rediyon dai sai a hankali. In ka kawo masa wadda ke kama tasha biyu, za ka karɓe ta tana kama ɗaya, ya ce maka ɗayar ai ƙarya kawai suke zubawa a cikinta. Amma a baki babu wanda ya kamo shi. Ya taɓa zama a Legas, kuma ba a yin minti goma a shagonsa bai ambaci Legas ba. A faɗarsa shi ne shugaban masu hidima a wani kulob na Turawa a bakin teku, inda manya ke shigowa da karnukansu. Ya ce yana da wani fito da in ya yi shi, kowane kare zai zauna ya miƙo hannu a gaisa. Ya ce kuma in aka ba shi bammi ya shaƙa, zai faɗa maka irin bishiyar da aka tatso shi da ƙarfe nawa aka sauko da shi. Wani ɗan garinsu ya taɓa tsegunta wa Malam Ladan cewa wata huɗu kacal Silba ya yi a kulob ɗin, kuma wanke-wanke yake yi a bayan kicin. Malam bai tona ba, don hirar tana rage masa zaman la'asar.

Wata Talata da hantsi sai ga Landiroba ta tsaya a ƙofar shagon. Mista Olu ne, Bayarabe, babba a cikin masu awo, ya kawo rediyonsa. A Zariya ya yi makaranta, don haka Hausarsa ta fi ta Silba nesa. Direbansa Tanimu, mutum mai ƙarancin magana, ya zauna a mota. Ta tagar baya kuwa wani baƙin kare ya leƙo, ƙato kamar ɗan maraƙi, harshe a waje. Sunansa Kanar.

Ana kwance rediyo, Mista Olu ya shiga ƙorafi. Ya ce a Legas duk Asabar yakan zauna a wata rumfa da karen nan kwance a ƙafarsa, a kawo masa bammi na gaskiya wanda ba a tsarma da ruwa da ƙwayar zaƙi ta sakarin ba. Nan kuwa wata biyu ke nan, in ya sami wurin sha sai a ce kare ba zai shiga ba, in aka bar kare ya shiga sai a ajiye masa giyar kwalba mai ɗumi kamar ruwan wanka. Barin karen a masauki kuma ba zai yiwu ba, don na matarsa Folake ne, ta haɗo shi da shi ya tsare shi a daji, ta kuma ce in wani abu ya sami Kanar kada ma ya dawo gida. Daga nan ya ƙara da cewa yana neman mai kula da masaukinsu, wanda ya san abinci da abin sha, ya kuma iya da kare.

Silba ya ajiye sukurdireba a hankali.

"Oga, ka daina nema. Ranar Asabar zan kai ka inda kai za ka sha, Kanar ya zauna kamar ɗan gida. Ni na horar da karnukan Turawa goma sha biyu a bakin teku."

Tanimu ya leƙo daga mota ya dube shi sama da ƙasa, ya mayar da kai.

Washegari Silba ya je masaukin masu awo ya ce a ba shi Kanar na awa biyu su saba. Aka miƙa masa igiya. Mutanen Wambai sun shaida dawowarsu, sai dai ba su yarda Silba ne ya kawo karen ba. Kanar ne a gaba, Silba na biye da gudu, hannu a miƙe, takalminsa ɗaya ya tsaya a wajen mai tsire. Yana ta fiton nan nasa, karen ko waiwaye. Suna isowa Kanar ya wuce shago ya faɗa zauren Malam Ladan, inda Malam ya ajiye kwanon ruwa zai yi alwalar azahar. Ya sa baki ya shanye rabi, ya lashe gefen kwanon tas, sannan ya miƙe a kan buzun Malam ya yi hamma.

Malam Ladan yana maƙale a kusurwa da babbar riga a tattare. Silba ya ce kada ya damu, karen Legas ne, bakinsa ya fi na mutane da yawa tsabta, da buroshi ake wanke masa haƙora. Malam ya ce ko da zamzam ake wanke masa, kwanon nan sai an wanke shi sau bakwai, kuma wanda ya kawo baƙon shi zai wanke. Maƙwabta suka taru suna ƙirga masa. A na biyar Silba ya ce ai ya isa, aka ce ya sake daga farko tunda ya yi gardama.

Wannan ya nuna masa cikin gari ba zai yi sauƙi ba. Ranar Alhamis ya ari keke ya nufi ƙauyen Chaza, inda ya ji ana yabon burukutun wata mata da ake kira Hilda. Ya same ta tana juya wata ƙatuwar tukunya da muciya, hayaƙi na shiga idonta.

"Madam, ana karɓar kare a gidan nan?"

Hilda ta dakata da juyi. Ta kira ƙanenta Sebastine, tsohon soja wanda ya yi aikin kuku a bariki, shi ke riƙe da tukunyar farfesun gidan. Sebastine ya goge hannu ya ce suna karɓa mana, sai dai an daɗe ba a kawo musu ba. Ya tambaya babba ne ko ƙarami. Silba ya ware hannuwa iyakar tsawonsu. Sebastine ya tambaya yana da jiki. Silba ya ce madara yake sha da safe, nama da yamma, in ka taɓa bayansa sai hannunka ya nutse. Sebastine ya haɗiyi yawu, ya ce to amma mai shi ya yarda, don su ba sa son rigima.

"Shi da kansa zai kawo shi," in ji Silba. "Zai zauna nan ya ci ya sha tare da ku. Babban mutum ne, ku shirya sosai."

Sebastine ya tambaya yaya Oga ke son barkono. Silba, da ke tunanin farfesun akuya, ya ce Bayarabe ne, a zuba kada a ji tsoro. Suka yi musabaha da hannu biyu-biyu. Silba ya hau keke yana waƙa, bai tsaya ya tambayi kowa daga wace ƙasa Hilda da ƙanenta suka fito ba.

Asabar da rana ya fito cikin farar riga da baƙin naktayi na aro, ya zauna a gaban Landiroba yana nuna wa Tanimu hanyar da Tanimu ya fi shi sani. Ya ce Chaza a ajiye ta sai ƙarshe, a fara da bammin Madam Adaobi a bayan tasha, don Oga ya ga yadda masana ke tantance abin sha. Bai gaya wa Adaobi akwai kare ba. Da ta hango Kanar ta tare ƙofa da jikinta, ita kuwa jikinta ya isa ya tare ƙofa. Silba ya rantse mata karen ya fi rabin masu zuwa wurinta ladabi. Ta ga mota, ta ga agogon Mista Olu, ta matsa, da sharaɗin a ɗaure shi a ƙafar benci.

Kafin ta kawo komai Silba ya hango wata ƙwarya cike da farin ruwa a kan tebur. Ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗebo da ƙoƙo, ya ɗaga shi wajen haske, ya shaƙa, ya kurɓa, ya jujjuya shi a baki, ya lumshe ido. Ya sanar da jama'a cewa wannan da asuba aka sauko da shi, daga bishiya mace wadda ke kusa da rafi, kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ya sake shan ƙoƙo guda don tabbatarwa, ya miƙa wa Mista Olu.

Adaobi ta fito daga ɗaki da gora a hannu, ta tsaya.

"Silba, wa ya ba ka wannan?"

"Hancina ya ba ni, Madam."

"Ruwan da nake ɗauraye ƙoƙuna ne tun safe. Har mai facin taya ya wanke hannu a ciki."

Dariyar da aka fashe da ita ce ta tashi kyanwar Adaobi daga barci. Ta diro daga kan randa ta gifta gaban Kanar. Kanar ya miƙe, benci ya bi shi, mutum uku da ke kan bencin suka bi ƙasa. Kyanwa ta haye teburin sayarwa, Kanar ya haye da benci, tukunyar farfesun kayan ciki ta kife. Silba ya sa yatsu biyu a baki zai yi fito, muciyar Adaobi ta same shi a tsakar baya, sai fiton ya fito kamar kukan ɗan tsako. Suka fice. A mota Silba ya bayyana cewa da gangan ya sha ruwan, don ya gwada tsabtar gidan, kuma gidan ya faɗi jarrabawa.

Wuri na biyu wani otal ne a bakin titi, mai labulen roba. Mai gadin ya ce kare ba ya shiga. Silba ya ce wannan ba kare ba ne kawai, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke shinshino inda za a kafa turakun awo. Mai gadi ya ce to ya nuno katin aikinsa. Suna cikin wannan Kanar ya ɗaga ƙafa a jikin keken mai otal, maganar ta ƙare a nan.

Mista Olu ya fara duban agogo. Ya ce ya gaji, kuma har yanzu ko maƙogwaronsa bai jiƙa ba. Silba ya ce duk wannan share fage ne, a juya mota a nufi Chaza.

Tun daga nesa suka hango taro. Kekuna sun fi ashirin a gindin mangwaro, maza sun cika benci, wasu sun zo da kwanoninsu. Mota na tsayawa aka miƙe tsaye. Kanar na dirowa aka yi guɗa. Wani dattijo ya matso ya shafa bayansa, ya matsa cinyarsa, ya girgiza kai ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana saurayi. Wani ya ɗaga wutsiya ya duba. Silba ya gyara naktayi.

"Oga, ka gani? Ko a Legas ba a yi wa kare irin wannan tarba."

Mista Olu ya yarda. Ya ce lallai mutanen nan suna son dabbobi. Hilda ta shimfiɗa masa zane a kan kujera, ta kawo burukutu a sabuwar ƙwarya, yana ta tsiyayar kumfa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa mai tsawo, sannan ya sauke ƙwaryar ya ce wannan shi ne abin sha, an ji dawa a cikinsa, ba a yi masa ha'inci ba. Ya dafa kafaɗar Silba ya ce ranar Litinin ya zo masauki su yi magana.

Sebastine ya zo ya durƙusa ya gaida Oga, ya ce ko zai iya tafiya da baƙon baya a fara shiri. Silba ya amsa kafin Oga ya buɗe baki. Ya ce wanka za a yi masa, haka ake yi a manyan wurare. Ya miƙa igiya da hannunsa. Kanar ya bi Sebastine yana kaɗa wutsiya, don mutumin ƙamshin nama yake yi.

Tanimu ba ya sha, yana zaune a inuwar mota. La'asar ta yi, ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan gida neman ruwa. Ya tarar da tukunya a kan murhu tana tafasa, mata biyu na dakan barkono da citta, an tara ganye an kunna wutar babbaka. Kanar na ɗaure a jikin turke, ya dulmiya kai cikin ƙwaryar dusar burukutu yana sha da murna. Sebastine kuwa na zaune a kan dutse yana wasa wuƙa, yana gwada kaifinta a gashin hannunsa.

Tanimu ya cika butarsa. Ya dawo ya tsaya a bayan Mista Olu, ya sunkuya.

"Oga, wankan nan da za a yi wa Kanar, da albasa za a yi shi."

Mista Olu ya dube shi bai gane ba. Tanimu ya ƙara da cewa in yana da abin da zai faɗa wa karen, gara ya je yanzu.

Ƙwarya ta faɗi. Mista Olu, mutumin da ya wuce shekara hamsin, ya tsallake benci biyu da tsalle ɗaya, jama'a suka bi shi da kwanoni a hannu, suna zaton an fara rabo. Ya faɗa kan Kanar ya rungume wuyansa, yana magana da Yarabanci da Turanci da Hausa a haɗe, sunan Folake kawai ake iya tsinta. Sebastine ya miƙe da wuƙa a hannu, ya rasa abin da ya faru. Cikin ladabi ya bayyana cewa su mutanen kan tsaunuka ne can gaba da Jos, a wurinsu naman kare abincin babbar rana ne, ba a ba kowa sai wanda ake girmamawa. Wannan mutumin mai naktayi shi ya zo har gida ya ce Oga zai kawo kare mai ƙiba, ya ce Oga ya yarda, ya ce a zuba barkono.

Duk idanu suka koma kan Silba.

"Na ce ana karɓar kare," in ji Silba.

"Muka ce muna karɓa," in ji Hilda. "Ga shi mun karɓa."

Silba ya ce matsalar yare ce, Hausar mutanen ƙauye daban take. Dattijon da ya matsa cinyar Kanar ya ce shi shekararsa arba'in yana jin Hausa, bai taɓa jin an tambayi barkono a maganar wanka ba. Wani ya ce daga Zuma ya taho a ƙafa, ya bar gona, ko kalaci bai yi ba don ya bar wuri a ciki. Murya ta fara tashi. Silba ya ga in bai yi wani abu ba aikin Litinin ya tafi, sai ya ce kowa ya ja baya, shi zai fitar da karen cikin ƙwarewa. Ya kwance igiya daga turke, ya naɗe ta a wuyan hannunsa sau uku, ya yi fito.

Wannan karon karen ya amsa. Kanar ya sha dusar burukutu rabin ƙwarya, idonsa ya kaɗa. Ya ɗaga kai ya dubi Silba, ya dubi aladun Hilda da ke kiwo a bayan danga, ya yanke shawara. Ya ja Silba ta tsakiyar masu daka, ta kan tabarmar da aka shanya tsiron dawa, ya keta danga. Kare ya tsallake ramin da ake zuba dusa da ruwan wanke tukwane. Silba bai tsallake ba. Ya nutse har ƙirji, naktayi na yawo a sama, aladu suka zagaye bakin ramin suna kallon wanda ya shigar musu abinci. Kanar ya yi zagaye biyu, ya dawo da kansa ya kwanta a ƙafar Mista Olu, ya fara minshari.

Dariya ta kashe fushin. Dattijon nan sai da aka riƙe shi. Mista Olu ma, da ya tabbatar ko gashi ɗaya bai bar jikin karen ba, ya zauna a kan turmi yana share hawaye. Ya ce mutane sun taho da yunwa ba da laifinsu ba, kuma tukunya ta riga ta tafasa, a kamo akuya a yanka a madadin karen, shi zai biya. Sebastine bai ɓata lokaci ba. Kafin rana ta faɗi farfesu ya sauka, Mista Olu ya sha kwano biyu yana gumi, ya tambayi Sebastine a ina ya koyi girki. Sebastine ya ce a bariki, shekara shida yana dafa wa hafsoshi. Mista Olu ya tambaye shi ko zai iya riƙe masauki. Ya ce zai iya. Ya tambaye shi ko zai iya ciyar da kare ba tare da yana auna shi da ido ba. Sebastine ya ce kare mai suna ai ya zama mutum, yanzu da ya san sunansa magana ta ƙare.

Silba yana gefe yana kankare jiki da ɓawon rake, yana jin duk wannan. Da aka tashi tafiya ya nufo mota, Tanimu ya kulle ƙofa ta ciki, ya ce kare ya saba ɗauka, amma wannan warin sai dai a kore shi daga aiki. Silba ya tako daga Chaza har Wambai, ƙudaje na masa rakiya. Malam Ladan ya hango shi daga zaure, ya aika a miƙo masa bokiti biyu da sabulun salo, ya ce a yi wankan a waje. Ko a nan Silba na cuɗa jiki yana gaya wa maƙwabta cewa shi ya ceci karen da hannunsa daga mutum arba'in masu wuƙaƙe.

Ranar Litinin Sebastine ya fara aiki. Daga nan duk Asabar Landiroba na tsayawa a gindin mangwaron Hilda, Mista Olu ya zauna da ƙwaryarsa, Kanar ya kwanta a ƙarƙashin benci, ana jefa masa ƙashi, masu sha na gaishe shi da sunansa.

Bayan mako uku Silba ya ga ƙura ta lafa, ya sake aron keke ya je. Ya isa daidai lokacin da motar ke tsayawa. Hilda na bakin ƙofa da muciya. Ta matsa Mista Olu ya shiga, ta matsa Kanar ya shiga, sannan ta gitta muciyar a ƙofa.

"Madam, ni fa na kawo miki wannan babban baƙon."

"Na sani," in ji Hilda. "Shi ya sa na tare ka kawai ban ɗaga ta ba."